Gezar Rago A Bakin Ƙugiya: Jinjina Ga Clouser Minnow

Cikin duk abubuwan da ɗan Adam ya taɓa ɗaurawa a ƙugiya don ya yaudari kifi, ban ga wanda ya kama ƙafar Clouser Minnow ba. Na faɗa, kuma ko a gaban Sarkin Ruwa aka tsayar da ni zan maimaita. Abin bai fi tsawon yatsa ba. Ƙugiya ɗaya ce, da zare, da gashin dabba tsunkule biyu, da 'yan silin ƙyalli, sai idanu biyu na ƙarfe. Iyakarsa ke nan. Babu tana, babu gara, babu hanjin kaza, babu gutsuren sabulun da yaranmu ke maƙala wa tarwaɗa. Ba ya wari, ba ya ruɓewa, ba ya zamewa daga ƙugiya. In ka gan shi a bushe a tafin hannu, sai ka ce sharar wurin aski wani yaro ya tsinto. Amma jefa shi a ruwa, ka bari ya jiƙe, ka ɗan fizgo zaren. Nan take gashin nan zai haɗe ya zama jiki, idanun su ƙyalla, wutsiya ta kaɗa, ga ɗan kawara nan sak ya ɓace wa 'yan uwansa yana neman mafaka.

Wanda ya ƙirƙiro shi Ba'amurke ne, Bob Clouser, wanda ya riƙe ɗan shagon kayan kamun kifi a garin Middletown na jihar Pennsylvania, a gaɓar kogin Susquehanna. A 1987 ya fito da shi. Sana'arsa raka masu fatsa cikin kogin, kuma ya daɗe da lura cewa ƙaramin kifi in babba ya biyo shi, ba ya tsayawa cak a tsakiyar ruwa. Kansa yake sokawa ƙasa ya nufi ƙarƙashin duwatsu. Yawancin kifayen gashin da ake ɗaurawa kafin nan kuwa, da ka daina ja sai su yi sororo, babban kifi ya zo ya ƙare musu kallo ya juya abinsa. Clouser na neman wanda ba zai taɓa tsayawa ba. Da wani kamfani mai suna Wapsi ya fara yin 'yan idanun dalma guda biyu haɗe da siririn wuya a tsakani, sai ya samu abin da ya daɗe yana nema. Abokinsa Lefty Kreh ne ya raɗa wa abin suna, kuma ya shaida cewa ya kama kifi iri fiye da 80 da shi, a koguna da teku. Kreh fa ba kanwar lasa ba ne a wannan fage. Nasa kifin gashin, Lefty's Deceiver, har kan sarki hukumar gidan waya ta Amurka ta buga da hotonsa a 1991. Wanda aka yi wa nasa kan sarki ya tsaya yana koɗa na wani, ai magana ta ƙare.

Duk sirrin yana ga idanun nan, kuma a nan ne nake cire wa Clouser hula. Ana ɗaura su ne a gadon bayan ƙugiya, wato gefen da ba ya kallon tsini. Da an jefa a ruwa, gefen mai nauyi shi zai koma ƙasa, sai ƙugiyar ta kife, tsini ya kalli sama. Duk wanda ya taɓa yin fatsa a kududdufi ya san baƙin cikin ƙugiya ta maƙale a saiwa ko tsakanin duwatsu, ka ja ka ja har zare ya tsinke, ka koma gida da sanda tsirara. Wannan tana bin ƙasan ruwa tana tsallake ƙarikitai, domin bakinta ba ya kallonsu. In kifi ya cafka kuma, a leɓen sama ko kusurwar baki take kama shi, inda ba ta saurin fita.

Ba a nan aikin idanun ya tsaya ba. Tunda nauyin yana kusa da kai, da ka ja zare sai ɗan kifin ya ɗaga kai ya taso, da ka saki sai ya sunkuya ya nufi ƙasa. Tashi, sunkuya, tashi, sunkuya. Ko hannunka ya tsaya, shi bai tsaya ba, yana nutsewa ne gashinsa na rawa. Abin da Clouser ya gani a kogi ke nan, ya ɗauko shi ya ɗaure da zare. Sannan ga su idanu ne na gaske a wurin kifin da ke farauta, domin a jikin ƙaramin kifi babu abin da ya fi ido fitowa fili. Abu ɗaya, mai araha, ya kife ƙugiya, ya ba da motsi, ya ba da kama. Ni dai in ana neman misalin basira, wannan nake nunawa.

Launi kuma ba ado ba ne. Kamo kawara ko ƙaramar karfasa ka duba: bayanta duhu, cikinta fari. Allah ya yi su haka ne don wanda ya hango daga sama ya ga duhun ƙasan ruwa, wanda ya hango daga ƙasa ya ga hasken sama. Clouser ya bi wannan tsari, farin gashi a ciki, mai launi a baya, ƙyalli a tsakiya a madadin sheƙin ɓawon kifi. Wanda ya fi shahara shi ne fari da kore mai ruwan tsanwa. Ƙa'idar da ya fi nanatawa kuwa ita ce a rage gashi. Sabon hannu yakan ga kamar yawan gashi shi ne kyau, ya tula har abin ya ƙi nutsewa. Ƙaramin kifi a ruwa kusan ana hango haske ta jikinsa, saboda haka gashin da ake so shi ne wanda za ka iya ganin yatsanka ta cikinsa. In ka tsunkulo ka ga kamar ya yi daidai, raba shi biyu ka ajiye rabi.

To me ya haɗa mutumin Faskari ko Ƙanƙara ko Sabuwa da kogin Susquehanna? Abin da ya haɗa mu shi ne, babu ko ɗaya cikin kayan haɗin nan da ba mu da shi a tsakar gida, wasu ma namu sun fi. Su can da gashin wutsiyar barewarsu suke yi, a rina a zuba a leda a sayar musu da dala. Mu kuwa muna da gezar ragon 'yankasa. Ka shiga kasuwar Sheme ka tsaya wajen tumaki, ka dubi dogon farin gashin nan da ke zubowa daga wuyan rago zuwa ƙirjinsa. Miƙaƙƙe ne, yana da tsawo, yana da ɗan tauri a gindi da laushi a baki, kuma in ya jiƙe yana sheƙi. Tun da na gwada shi ban ƙara sha'awar na leda ba. Gemun bunsuru ma ya yi, musamman baƙi, in dai ka jure wanke shi. Tukkun wutsiyar maraƙi na da ɗan lanƙwasa, ya dace da ƙananan ƙugiyoyi. Wutsiyar doki ce kawai zan ce a bari, ta cika tauri, a ruwa sandarewa take yi ba ta rawa.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata mai ɗauri ya sani. Gashin barewar Amurka yana da rami a cikinsa wajen gindi, shi ya sa in zare ya matse shi sai ya lotse ya riƙe. Gezar rago ba ta lotsewa haka, santsi gare ta, tana iya zamewa daga ƙarƙashin zare. Maganin abin sauƙi ne: a wanke ta da sabulu har maiƙon ya fita, a shanya, a taje gajerun gashin da ke gindi a zubar, a goga wa zaren kakin zuma, sannan a ɗiga gam a kan gindin gashin kafin a naɗe. An gama. Ladan wannan ɗan wahala shi ne geza ta fi saurin nutsewa, tunda ba iska a cikinta.

Idanu fa? Sarƙar nan mai ƙananan ƙwallaye da ake rataya makulli ko katin shaida da ita, ka yanko ƙwallo biyu a haɗe, ka samu ido. Masu wannan sana'a a duniya da ita suke yi in suna son mara nauyi sosai, ba dabarar talauci ba ce. Ƙyalli kuma, zaren ado na teloli, ko cikin ledar biskit a yanka siri-siri da reza. Zare na roba na keken ɗinki ya isa. Duk da mu 'yan ƙasar auduga ne, ga Daudawa da tarihinta na gonar irin auduga, ga Funtuwa da masaƙarta, zaren auduga bai dace da wannan aiki ba. Yana shan ruwa, yana ruɓewa, yana tsinkewa daidai lokacin da kake matsewa. Zaren ɗinkin hula ya yi kauri a jiki, amma ja daga cikinsa, a naɗa sau kaɗan a bayan idanu, yana ba da kamar jan da ke ƙarƙashin kumatun kifi. Jan farce mara launi kuwa shi ne abin shafe kai a ƙarshe. A nemi izinin uwargida kafin a ɗauka.

Inda na fi jin daɗi shi ne rini. Gashin dabba na karɓar rininmu na gargajiya yadda ba ka zato. Lalle na ba da ja mai ruwan goro. Baba na ba da shuɗi, tun daga mai haske har wanda ya kusa baƙi, gwargwadon yawan tsomawa, yadda ake yi a karofin Ƙofar Mata. Karan dafi da dukawa ke rina fata da shi yana ba da ja mai duhu. Gangamau na ba da rawaya, ko da yake rana na cinye shi da wuri. In ka rina da gangamau ka tsoma a baba sau ɗaya, sai kore ya fito, ba irin mai kashe ido na kanti ba, kore mai laushi irin na bayan ƙaramar karfasa. Farar geza a ciki, wannan kore a baya, zaren zinare a tsakiya. Kai, jama'a! Na sha ajiye ɗaya a gefe in ce wannan ba za ta shiga ruwa ba, ta kallo ce.

Ga yadda ake ɗaurawa, kuma wanda ya iya ɗinka maɓalli zai iya. A samu ƙugiya mai miƙaƙƙen jiki mai ɗan tsawo. A fara naɗa zare daga bayan kafar da ake zura igiya, a yi shimfiɗa. A raba jikin ƙugiyar uku a ido, a ajiye idanun a ƙarshen kashi na farko. Wannan tazara ita ce ran abin. In idanun sun matso gaba sosai, ba wurin ɗaure gashi, kuma ɗan kifin zai riƙa faɗuwa ƙasa tsaye maimakon ya sulala. A naɗe su gicciye, daga nan zuwa can, daga can zuwa nan, sannan a zagaye ƙarƙashinsu a matse naɗin, a ɗiga gam. A tsunkulo farin gashi, tsawonsa ya kai ninki biyu na ƙugiyar ko ya ɗan fi, a ɗaure gindinsa a gaban idanu, a kwantar da shi ta tsakaninsu, a sake ɗaurewa a bayansu har zuwa inda ƙugiya ta fara lanƙwasa. Sai a kifa ƙugiyar, tsini ya kalli sama. A sa silin ƙyalli 'yan kaɗan, su ɗan zarce gashin. A kawo mai launi a ɗaure shi a gaban idanu kawai, kada a taɓa bayansu, don ya tashi ya lulluɓe tsinin. A naɗa ɗan kai mai tsini, a ƙulle, a shafe. Abu ɗaya da ba a yi: ba a datse bakin gashi da almakashi don a daidaita tsawo. Siririn bakin nan da Allah ya halitta shi ne ke rawa a ruwa. In za a rage, daga gindi ake ragewa.

Na san wani zai ce ai Turawa na da ƙarfen da ke riƙe musu ƙugiya, da na riƙe zare, da na ƙulli. Suna da su. Amma bari in ba ku labarin Carrie Stevens, wata mata a jihar Maine wadda ta taɓa aikin ƙawata huluna. A ranar 1 ga Yuli, 1924, ta jefa wani kifin gashi da ta ɗaura da kanta a ruwan Upper Dam, ta fito da kifi mai nauyin kimanin kilo 3, ta zo ta biyu a gasar mujallar Field & Stream. Daga nan odar ta yi ta zuwa mata. Kifin gashinta mai suna Gray Ghost har yau ana ɗaura shi, kuma waɗanda ta ɗaura da hannunta yanzu kayan tarihi ne masu tsada. Matar nan ba ta amfani da ƙarfen riƙe ƙugiya. A yatsunta take riƙewa. Wanda yatsunsa suka gaji ya matse ƙugiyar a bakin filaya ya ɗaure hannun da roba, ya zura zare ta bututun biro, aiki ya tafi. Asalin sana'ar ma da abin tsakar gida aka fara ta. Wani marubucin Rum mai suna Aelian, wajen shekara 1,800 da suka wuce, ya ba da labarin mutanen Masedoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su haɗa da gashin zakara biyu. Su ƙwaro suke kwaikwayo ba kifi ba, amma dabarar ɗaya ce. Gashin zabon nan mai ɗigo-ɗigo da muke sharewa bayan an fige, a Ingila da Amurka a leda ake sayar wa masu ɗauri.

Sai batun ruwa. Sandar da aka yi domin wannan fatsa, mai igiya mai nauyi da ake kaɗawa a iska, ba a samunta a kasuwanninmu, kuma ban damu ba. Doguwar gora da zaren lailon daidai tsawonta sun wadatar a bakin gaɓa. Mutanen Japan da irin wannan sanda mara abin naɗe zare suka yi ɗaruruwan shekaru suna kama kifi a rafukan duwatsunsu. Mai son jifa da nisa ya ɗaura ɗan guntun itace a zaren, kamu ɗaya kafin ƙugiyar, ya wulwula ya jefa. A ƙulla ƙugiyar da ɗan zobe, kada a shaƙe ta, don ta samu sakewar rawa. In ta faɗa ruwa a ɗan jira ta nutse, a fizga sau biyu gajeru, a tsaya. A wannan tsayawar ake cafka, lokacin da take sunkuyawa. Ka ji zare ya yi nauyi kamar ya kama ciyawa, sai ciyawar ta fara tafiya.

A madatsar ruwa ta Mairuwa, wadda ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, na fara ganin tarwaɗa ta yi wannan aika-aika. Mu mun saba ɗaukar tarwaɗa a matsayin mai kwanciya a laka tana shinshina da gashin bakinta, sai an kai mata abu mai wari. Gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. In rani ya yi, ruwa ya kwanta ya washe, takan shigo gefen ciyawa tana farautar 'ya'yan karfasa. Na ga inuwarta ta taso daga ƙasa, ta biyo, ta dakata da na dakata, sannan da ɗan kifin ya sunkuya ta buɗe wannan faffaɗan baki ta haɗiye. Gabana ya faɗi, gwiwata ta yi sanyi, na manta ma ana ɗaga sanda. A fatsar tana, gutsuren silifa kake zuba wa ido har ya nutse. A nan kuwa da idonka kake ganin kifi yana shawara, kuma abin da ke ruɗarsa kai ka ɗaura shi jiya da dare a zaure. Masu fatsa a Afirka ta Kudu sun daɗe suna kama irin wannan tarwaɗa tamu da kifin gashi, har sukan buga shi da ƙarfi a kan ruwa don ƙarar ta jawo ta.

Na nuna wa wani dattijon masunci ƙugiyar a bakin ruwan. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Ɗana, wannan ai wasan ƙosassu ne. Ni kalli nake shimfiɗawa, da safe in kwashe, in ciyar da gida."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ci gaba da juya ta a hannu. Can ya ce, "Amma wanda ya sa bakin ya kalli sama, ya san ruwa."

Ya yi gaskiya a duka biyun. Ba da wannan za a ciyar da iyali ba. Kalli da birgi da mamari da gura ba su da magaji a wajen cika kwando. Da damina kuma, in rafuka suka ɗauko jar ƙasa ruwa ya zama kunu, fari da kore ba su da wani tasiri, sai dai baƙi ƙirin mai ɗan kauri wanda inuwarsa ke fitowa, shi ma sai an dace. Karfasa babba ba ta cika kula shi ba, ita ganye da gansakuka ne abincinta. Ƙananan tafkunan Ƙanƙara da rafukan Sabuwa da yawa kafewa suke yi kafin bazara, saboda haka lokacin abin gajere ne, daga kaka zuwa tsakiyar rani. Duk na yarda. Amma ko ɗaya bai rage masa daraja a idona ba. Kuma yana da wani alheri da ba a faɗa: mai shi ba ya bukatar kamo 'ya'yan kifi masu rai ya soke a ƙugiya. A ruwan da wasu ke tace shi da gidan sauro, wasu marasa tsoron Allah ma su zuba gamalin, duk ɗan kifin da aka bari ya girma riba ce.

Akwai abin da ya fi damina hana mu. Kifi mai farauta da sassafe da gab da magariba yake fitowa, kuma waɗannan su ne lokutan da mai hankali a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ya daɗe ba ya son su same shi a bayan gari. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai, mu kuwa mun san halin da ake ciki tun kafin nan. Kada son kifi ya kai kowa inda mutanen wurin suka ce kada a je. A tafi da rana, a tafi cikin jama'a, a tambayi masu ruwan. Ɗaurin dai a gida ake yinsa, ba mai hana ka.

Gargaɗi ɗaya kuma game da dalma. Na asali da ita aka yi idanunsa, kuma masuntanmu sun saba matse ta da haƙori. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da gubar dalma ta yi a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara ɗaruruwa suka rasu. Kada a sa ta a baki, kada a narka ta a tsakar gida, kada a bar ta inda yara ke wasa. Sarƙar ƙwallaye ta isa a ruwa mara zurfi, in ana son nauyi a nemi mai manyan ƙwallaye ko ta tagulla.

Burina dai babban ruwa ne, domin can ne Clouser Minnow ke nuna ko shi wane ne. Tsage, mai haƙoran nan da ke shiga tsakanin juna, da ido yake farauta kuma ƙyalli ke haukata shi. A tafkin Kainji da Binuwai yana nan. Sai dai shi ba ya barin bashi: cafka biyu uku ya aske gashin tas, kuma zaren lailon a wurinsa taliya ce, dole a sa siririyar waya kamar taƙi ɗaya kafin ƙugiyar. Sili ɗaya daga wayar birkin keke ya yi. Sai giwan ruwa, wanda ake kokawa da shi da homa da gora a Matan Fada na Argungu. Shi ma kifi yake ci, kuma idonsa na gani a duhu. A kogin Faro da ke arewacin Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai kusa da iyakar Adamawa, baƙi na zuwa daga Turai da Amurka da Afirka ta Kudu da rani, su biya dubban daloli, su tsaya a kan duwatsu cikin dare suna jefa wa giwan ruwa manyan kifayen gashi masu tsawon tafin hannu ko fiye. In sun kama su ɗauki hoto su sake shi. Kifinmu ne fa, wanda kakanninmu suka raɗa wa suna, ake tsallako teku a yaudare shi da gashin dabba.

Wannan ne ya sa in na ga matasanmu a gindin bishiya da allura da zare suna ɗinkin hula, sai zuciyata ta yi ta saƙe-saƙe. Hannun da ke jera ɗinki ɗaya bayan ɗaya har hula ta cika ba kuskure, ɗaura Clouser a wurinsa wasa ne. A Kenya an shafe shekaru da dama ana wannan sana'a, ma'aikata na zaune suna ɗaurawa da hannu ana fitarwa zuwa shagunan Turai da Amurka. Ba na ce gobe za a zo Sabuwa da oda ba. Cewa na yi hannun akwai, gashin akwai, rinin akwai.

Saboda haka, mai karatu, in layya ta zo, kafin a kai fata wajen masu saye, sa almakashi ka yanki tsunkule biyu na geza ka adana. Sayi ƙugiya, tsinko sarƙar tsohon makulli, ka ɗaura ɗaya ko da ta fito a karkace. Cika bokiti da ruwa ka saka ta, ka ga yadda za ta kife da kanta tsini ya kalli sama. In ka ga haka ba ka ɗaura ta biyu a daren ba, ka neme ni in biya ka kuɗin ƙugiyarka.